Kafin Hannu Ya Tashi: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Game da Natsuwa a Cikin Gida

Rana ta kusa faɗuwa, ana jiran kiran sallar magariba. Ina zaune a tsakar gidan wata 'yar'uwata a Bande, cikin jihar Damagaram, ita kuwa ta gama daka ke nan, da goyo a bayanta. Tun asuba take tsaye. Ta ɗebo ruwa, ta kai fura gona, ta dawo ta surfa hatsi, ta daka, ta tankaɗe, ta ajiye garin a ƙwarya kusa da murhu. Sai ga 'yarta, wadda ba ta wuce shekara shida ba, ta shigo a guje tana korar akuya. Ƙafarta ta ture ƙwaryar, gari ya watse a cikin rairayi. Uwar ta ɗaga muciya. Ni har na kau da kai, don na san abin da zai biyo baya. Sai na ji shiru. Da na waiwayo, na tarar ta ajiye muciyar, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta dafe kai tana maimaita innalillahi ƙasa-ƙasa. Can ta ɗago ta ce, "Ke, zo nan. Ɗauko faifai da rariya mu ga abin da za mu tsira da shi." Yarinyar ta matso jikinta na ɓari, suka tsuguna tare suna kwashe na sama-sama. Tuwon daren nan bai ƙosar da kowa ba, ga ƙasa ana ji a haƙori, amma an ci shi babu mai kuka.

Daga ɗaga muciyar zuwa ajiye ta bai fi numfashi biyar ba. A cikin wannan ɗan taƙin ake yanke yawancin abin da ke gudana tsakanin iyaye da 'ya'yansu, ko mari ko magana, ko zagi ko gyara. Kuma ana iya faɗaɗa taƙin nan. Mukan ce wane Allah ya yi shi mai sanyin hali, wance kuwa zuciyarta a kusa take, kuma gaskiya ne halitta ta bambanta. Amma natsuwa aba ce da ake koyo kamar tuƙin tuwo ko riƙon hauya, da maimaici take zama jiki.

Idan rai ya ɓaci, jiki ke riga hankali motsawa. Wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna sakin wani sinadari cikin jini, ana kiransa adiranalin. Zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, kafaɗu su ɗaure, muƙamuƙi ya cije. An yi wa ɗan Adam wannan shiri ne don ranar da zai yi kiciɓis da maciji a gona ko gobara ta tashi a danni, sai dai jiki bai iya bambance maciji da yaron da ya fasa tulu ba. A wannan halin, sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi, wanda ke auna abu kafin a aikata, aikinsa yana raguwa. Shi ya sa mutum ke furta maganar da zai kwana yana cizon yatsa a kanta. Amma jikin yana da birki. Idan ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi sannu-sannu har fitarsa ta fi shigarsa tsawo, bugun zuciya yana sassautawa. Ɗora yatsa a jijiyar wuyan hannunka ka gwada, za ka ji da kanka.

Wannan sashe na goshi ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Saboda haka yaro ɗan shekara huɗu da ke birgima a ƙasa don an hana shi ƙuli-ƙuli ba raina ka ya yi ba, birkinsa ne bai yi ƙwari ba tukuna. Da na babba yake aro. Idan babban ma ya tsinke, to an sami mota biyu a gangare, babu mai tsai da wata.

Na san nauyin da ke kan iyaye a ƙasarmu, ba daga nesa nake magana ba. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa a Nijar, idan aka yi lissafin tsaka-tsaki, mace tana haihuwar 'ya'ya 7.6, a jihar Damagaram kuwa lissafin ya haura 8. A ƙauyukan Magarya da Dungas gida ɗaya kan tara kishiyoyi da 'ya'yansu, da kaka, da ɗan riƙo. Da bazara zafi ya wuce digiri 40, barci ya gagara. Ruwa na sauka aikin gona ya taso daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya biyo baya. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun 2005, kuma kowace damina sashen yara na asibitin cika yake yi da masu zazzaɓin cizon sauro da masu tamowa. Bayan kaka maza su kama hanyar cirani, wasu Kano, wasu Legas, wasu har Libiya, a bar mace da yara da tsofaffi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai ci ba, bai yi barci ba, ga bashin mai shago, dole zuciyarsa ta matso kusa. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a 2024 asusun UNICEF ya ce yara kusan miliyan 400 'yan ƙasa da shekara biyar, wato shida cikin goma a duniya, suna shan duka ko tsawa da muzanci a gidajensu a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara bincike mai yawa a kan dukan yara, abin da ta gano shi ne yana ƙara wa yaro tsoro da saurin faɗa da rauni a karatu, ba a kuma sami shaidar cewa yana gyara hali na dindindin ba.

A ƙasashen Turawa koyon tattara hankali ya zama fanni mai zaman kansa. A 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe aji na mako takwas a asibitin jami'ar Massachusetts da ke Amurka, yana koya wa masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yadda za su riƙa lura da numfashinsu da jikinsu da tunaninsu, ba tare da tunanin ya kwashe su ya yi gaba da su ba. Daga baya aka kai darasin ga iyaye. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ɗan littafi mai zane-zane don mutanen da ke cikin matsi, darasinsa na farko shi ne ka ji tafin ƙafarka a ƙasa, ka sassauta numfashi, ka lura da abin da idonka ke gani da abin da kunnenka ke ji. Binciken da aka yi ya nuna abin yana rage damuwa gwargwado, ba maganin komai da komai ba ne.

Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sakaci da shi muka yi. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Ahalari ya san an lissafa natsuwa cikin farillan salla, wato gaɓoɓi su tsaya cak a ruku'u da sujada kafin a ɗago. An kuma ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa wanda fushi ya kama yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. A wata ruwayar an umurce shi ya yi shiru, a wata ya nemi tsari daga Shaiɗan, a wata ya yi alwala. 'Yar'uwata ba ta taɓa jin sunan wani baturen Amurka ba. Zama ta yi, ta kame bakinta, ta ambaci Allah.

Matakin farko shi ne kowa ya san alamarsa. Wani kunnuwansa ke ɗaukar zafi, wata maƙogwaronta ke toshewa, wani ya ji hannunsa ya dunƙule da kansa. Fushi ba ya sauka bagatatan, yana aiko da ɗan saƙo. Ranar da ka gane naka ɗan saƙon, ka sami abin kamawa. Da ka ji shi, ajiye abin da ke hannunka, muciya ce ko takalmi ko tsumagiya, zauna, ja numfashi uku masu tsawo, ka ce a ranka, "Raina ya ɓaci." Kiran abu da sunansa yana rage masa ƙarfi. In laifin babba ne wanda ke son hukunci, ɗage shi zuwa bayan sallar da ke tafe. Ka ce wa yaron, "Za mu yi magana bayan la'asar." Alwala za ta shiga tsakani, ruwa ya taɓa fuska da hannu da ƙafa, kuma sau da yawa za ka tarar laifin da ka gani kamar raƙumi ashe bai fi ɗan akuya ba.

Wannan ba sangarta ba ce, kada a fahimce ni a karkace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da hankali yake yi, in ya fizga karyewa zai yi. Yarinyar da ta zubar da gari da ita aka kwashe shi, kuma a daren ta ga kwanon kowa ya ragu saboda gudunta. Wannan darasin ya fi mari zama a zuciya. Yaron da ya bar awaki suka shiga gonar maƙwabci a riƙe hannunsa a kai shi ya ba da haƙuri da bakinsa, gobe kuma a hana shi dandali. Doka tana nan, sai dai mai zartar da ita yana cikin hayyacinsa.

Maigida, naka aikin yana bakin ƙofa. Ka wuni a gona ko a kasuwa ko bisa kabu-kabu, an ɓata maka rai, ciniki bai yi ba. Kafin ka yi sallama, tsaya a zaure ɗan jim. Tambayi kanka abin da ka ɗauko, ka tuna cewa waɗanda ke ciki ba su suka ɗora maka ba. Yara suna gane yadda daren zai kasance daga sautin sallamar ubansu da takun ƙafarsa. Akwai gidajen da idan uba ya shigo sai a yi tsit kamar ruwa ya ci kowa, yara su lallaɓa su shige ɗakunan uwayensu. Wasu na kiran wannan kwarjini. Ni tsoro nake kiransa, kuma yaron da ke tsoron ubansa ba zai gaya masa ba ranar da abokai suka miƙa masa ƙwayar tiramol. Annabi (SAW) ya yi salla yana saɓe da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan gajarta salla idan ya ji kukan jariri don tausayin uwarsa. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa tsaki ba. Babu wanda ya kai shi kwarjini.

Gaisuwar safe ma taska ce da muke tsallakewa. Yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana," "Inna, ina kwana," a amsa masa da "lafiya" ido na wani wuri. Gwada ka dube shi sosai, ka kira sunansa, ka ɗora tafinka a goshinsa. Bai kai minti ɗaya ba. Za ka ga wanda ya kwana da damuwa, da wanda idonsa ya faɗa, da wanda jikinsa ya yi zafi. Da damina wannan kallon kan ceci rai, domin zazzaɓin cizon sauro yana iya tsananta a jikin ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya, kuma uwar da ta lura da safe ita ke isa likita da wuri.

Uwaye za su ce ina suka ga lokacin zama su yi ta jan numfashi. Ba a nemi a ajiye aiki ba, a cikin aikin ake yi. Kina daka, hankalinki ya tafi ga maganar da abokiyar zamanki ta yaɓa miki jiya, kina maimaita ta kina shirya amsa, har taɓaryar ta fara sauka da fushi. Dawo da shi ga nauyin taɓarya, da ƙamshin hatsi, da sautin luguden. Zai sake zillewa, ki sake jawo shi kamar tunkiya zuwa turke, ba tare da kin zargi kanki ba. Jawowar nan ita ce horon gaba ɗaya. Haka wajen wankan jariri, da tsinkar zogale, da tafiya rijiya. Wanda ya saba jawo hankalinsa a lokacin lafiya shi ke iya jawo shi a lokacin fushi.

Akwai wani tsarin koyar da iyaye da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka goya wa baya, wanda aka fara gwadawa a Afirka ta Kudu. Abin da ake fara koya wa iyaye a ciki shi ne keɓe ɗan lokaci, ko minti biyar, da yaro guda, a bar shi ya ja zancen. Mai 'ya'ya takwas sai ya yi karɓa-karɓa: yau wannan ya raka ka garka, gobe waccan ta taya ki tsince wake, kuna tafe kuna saurare. A nan nake roƙon a sassauta wa 'ya'yan fari. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, kuma na san uwar da ba ta kiran sunan ɗanta tana iya fin kowa son sa. Amma yaro ba ya karanta zuciya. Ko ba za ki kira sunansa ba, ki ce masa "sannu da aiki", ki sa masa albarka ya ji da kunnensa. Salula kuwa a kife ta lokacin cin tuwo. Uban da ke zaune a gida idonsa na kan WhatsApp da TikTok, ko wanda ke fada, wato majalisar abokai, yana shan shayi har tsakar dare, da shi da wanda ya tafi cirani kusan ɗaya ne a wurin yaro.

A kula da harshe fiye da hannu. Zafin mari kan wuce kafin a kwanta, amma "ɗan banza" da "tsinanniya" da "ba za ka yi albarka ba" suna bin mutum har furfura. Mu da muka yarda bakin uwa kaifi gare shi, kuma aka hane mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, bai kamata mu riƙa sakin irin waɗannan kalmomi saboda an zubar da miya ba.

Maganar jarirai tana son a tsaya a kanta, don nan ne haɗari ya fi girma. Kukan jariri yana ƙaruwa daga makonnin farko, ya kai ƙololuwa wajen mako shida zuwa takwas, sannan ya fara raguwa wajen wata uku zuwa huɗu. Wani jaririn zai yi ta kuka da yamma ko da ya ƙoshi kuma lafiyarsa ƙalau. Kada a taɓa jijjiga shi da ƙarfi don ya yi shiru. Kansa yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba, girgiza ta 'yan daƙiƙu tana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ta makantar da shi ko ta kashe shi. In kin ji kin kai maƙura, miƙa shi ga kakarsa ko goggonsa ko ubansa. In babu kowa, kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, ki fita tsakar gida ki sha ruwa ki dawo. Idan kuwa kukan ya zo da zazzaɓi, ko ƙin kama nono, ko jiki ya saki, sai likita ba jira.

Za a kasa wata rana, kowa yana kasawa. Hannu zai riga hankali. Abin yi shi ne gyara bayan an huce. Babba ya ce wa yaro "yi haƙuri" yana da nauyi a bakinmu, na sani. Amma ko ba a furta haka ba, ana iya jawo shi jiki a ce, "Ɗazu raina ne ya ɓaci, abin da ka yi bai kai haka ba." Girman uba ba ya raguwa da wannan, yaron kuma ya koyi yadda ake gyara ɓaraka, abin da zai yi masa amfani ranar da ya yi nasa gidan.

Kada kuma a mai da natsuwa wani sabon kaya a ɗora wa mace ita kaɗai. Mun daɗe muna ce wa mata "ki yi haƙuri", alhali abin da muke nufi shi ne ki haɗiye ki yi shiru. Haɗiyewa daban, natsuwa daban. Abin da aka haɗiye yana nan a ciki, kuma yawanci a kan yara yake fashewa. Matar da ake duka ko aka bari babu ci babu sha, ba numfashi take bukata ba, a kai maganarta gaban iyaye da malamai da hukuma. Wadda kuma bayan haihuwa ta shafe makonni tana kuka ba dalili, ba barci, ba cin abinci, ba ta jin daɗin komai har jaririnta, ciwo ne sananne da ke kama mata da yawa kuma yana da magani, a raka ta likita. Mutanen Bande sun riga sun ga amfanin shigowar maza cikin irin wannan magana. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram wajen 2008 da tallafin asusun UNFPA, inda magidanta kimanin goma sha biyu ke zama sau biyu a wata suna tattauna lafiyar matansu, Bande na cikin wuraren da aka san su da su, kuma zuwa awon ciki ya ƙaru ƙwarai a lokacin. Majalisar da ta iya zancen awo da haihuwa za ta iya zancen fushi da duka da taya mace ɗebo ruwa.

Dare shi ne lokacin sauke kaya. Yaron da ke zuwa lakwal yana bukatar barcin awa tara zuwa sha biyu, babba kuma aƙalla bakwai, kuma rabin rigimar safe daga ƙarancin barcin jiya take. A shimfiɗa tabarma bayan isha, a bar kaka ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, uba ya zauna ya saurara ko sau ɗaya a mako. Nana Faɗima ta taɓa kai kukan wahalar niƙa, har hannunta ya yi kanta, tana neman mai taya ta aiki. Mahaifinta (SAW) ya zo ya zauna tsakaninta da mijinta Aliyu, ya koya musu su biyun tasbihi 33, da tahmidi 33, da kabbara 34 idan za su kwanta. A yi su a hankali, kowace kalma da numfashinta, kada a yi su kamar ana tsere.

Maigida, uwargida, kada ku ce za ku ɗauki duk wannan a rana ɗaya. Ku zaɓi abu guda ku riƙe shi har kaka ta zo. In kun rasa na zaɓa, ku fara da na gobe da safe: idan yaronku ya durƙusa gaishe ku, ku ajiye abin da ke hannunku, ku dubi fuskarsa, ku taɓa goshinsa, sannan ku amsa.